Sikelin auna abinci na kicin, ga yadda na same shi

Masu ta tambayata kan sikelin nan da nake auna abinci da shi don rage ƙiba, to ga bayani. Ƙarami ne na dijital, a babbar kasuwar Birnin Kebbi na saye shi wajen masu kayan kicin, yana ɗaukar har kilo 5, batir biyu yake ci irin na rimot. Akwai wajen dannawa da in kin ɗora kwano zai koma sifili, abincin kaɗai zai auna. Nan kam ba shi da laifi.

Shi ya tona min asirin mai wallahi. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 120 ne, mu kuwa da ludayi muke kwarara shi a miya ba ko bismillar lissafi, ana ta zagin tuwo alhali giram ɗaya na sitaci kalori 4 ne, na mai 9. Gyaɗar da nake ɗan watsawa a baki ina kallo ashe giram 100 ya haura 550. Sai a kula da shinkafa, dafaffiya giram 100 wajen 130 ce, ɗanya kuma ta kai 360, in kika rikita su lissafi ya watse.

Inda yake gazawa shi ne cimarmu. Ya zan auna lomata a tire ɗaya da mutum biyar? Fura da nono ma kowace mai tallan da irin damunta, ga hoce ga kwaɗon zogale, ko kin auna nauyin ba ki san ƙulin da aka zuba ba, sai dai kintace.

Sannan abin da mai shago ba zai faɗa miki ba, bayan ƙibar ta sauka sai tsoro ya hau. Kuma ba tsoron banza ba ne, jikin da ya ragu ba ya ƙona kalori kamar da, yunwa kuma ƙaruwa take, shi ya sa da yawa ƙibar ke dawo musu. Ni har ta kai in aka kawo masa daga maƙwabta sai na ɗora a sikeli kafin in kai baki, Inna tana kallona ta ce ke Hajiya ko zinare kike sayarwa ne. Gidan biki kuwa cokali biyu in ajiye, in dawo gida in kwana ina juyi.

Yanzu mai da gyaɗa kawai nake aunawa, sauran ido ya riga ya gane malmalar da ta ishe ni. Wadda ta san tana da yawan saka abu a rai gara ta fara ganin likitan abinci kafin ta saya. Kuma sikelin yana kashe kansa in kin ɗan jima ba ki taɓa shi ba, kina tsakar zuba gari sai ya ɗauke, ga shi ba ya shiri da ruwa, kar a ajiye shi kusa da wajen wanke-wanke.