Kayan da ke ɗauke da sunan kanti ko na babban kamfani, wanne zaka ɗauka?

Na daɗe ina lura da wani abu idan na shiga babban kanti sayayya, mutum zai tsaya gaban kanta ga kaya iri ɗaya guda biyu a jere, ɗaya na kamfanin da kowa ya sani ɗayan kuma sunan kantin ne a jikinsa, tsakanin kuɗinsu akwai tazara sosai, amma sai kaga hannu ya tafi kan mai tsadar ko juya bayan kwalin ba'a yi ba. Abin yana damuna gaskiya, domin kuɗin cefanen wata ba ƙaramin abu bane, kuma a kaya da yawa ƙarin da kake biya na talla ne kawai.

Yawancin kantuna basu da masana'anta, kwangila suke bayarwa a yi musu kayan a buga sunansu. Wani lokacin ma babban kamfanin ne da kansa yake yi musu. Shugaban babban kantin Costco na Amurka ya faɗa da bakinsa a 2016 cewa Duracell ne ke yi musu batiran Kirkland Signature, sunan da kantin ke bugawa a kayansa, an kuma taɓa sayar da kofin sha na Kirkland da aka rubuta a jikin ledarsa cewa Starbucks ne suka gasa. Amma dan Allah kar wani ya ce maka ai duka daga masana'anta ɗaya suke fitowa, ba haka bane. Kellogg's masu yin hatsin karin kumallo sun daɗe suna cewa su basa yiwa kowa kaya, kuma ko da masana'antar ɗaya ce haɗin yana iya bambanta, kantin ne yake faɗin irin ingancin da zai iya biya. Arahar kuma tana zuwa ne daga rashin kuɗin talla a talabijin, da rashin kuɗin da kamfanoni ke biyan kanti don a ajiye kayansu a kanta daidai ido, sannan babu dillalai da yawa a tsakani.

Ba sabon abu bane kuma. Carrefour a Faransa sun fito da nasu marasa suna tun 1976, Loblaw a Kanada suka biyo da No Name mai ruwan ɗorawar kwali a 1978, Walmart suka kawo Great Value a 1993, Kirkland kuma 1995. Aldi kam kusan kashi 90 cikin 100 na abinda ke kantarsu nasu ne. A farko an ɗauki irin kayan nan a matsayin na wanda aljihunsa ya yi sanyi, yanzu kuwa kanti ɗaya sai ya fitar da hawa uku, mafi araha, matsakaici, da na ƙarshen kyau irin Finest na Tesco a Ingila. Na tsakiyan shine aka yi don ya kara da babban suna, shi nake fara dubawa, mafi arahan nan wani lokacin da gaske an rage masa wani abu.

Toh ni ƙa'idata mai sauƙi ce, duk abinda sinadarinsa ɗaya ne ko biyu, sunan kamfani baya ƙara masa komai. Sukari sukari ne. Gishiri ma haka, ka duba kawai ko an saka masa aidin. Fulawa, shinkafa, busasshen wake, man girki, madarar ruwa, ƙwai, bekin soda, ruwan khal, kayan lambu na firiza, duk waɗannan ɗauki na kanti hankalinka kwance. Taliya ka duba ko da alkamar durum aka yi, in an rubuta haka shikenan bazata caɓe a tukunya ba. Kayan gwangwani kuma akwai ɗan wayo a ciki, akwai nauyin gwangwanin gaba ɗaya akwai kuma nauyin abin bayan an tsiyaye ruwan, na biyun zaka kwatanta don wani mai arahar ruwa ya fi yawa a cikinsa.

Bilic shine misalin da nafi so in bayar. Abinda ke aiki a ciki sinadari ɗaya ne, sodiyam haifokulorait, sauran kusan duk ruwa ne. Na gida yawanci ƙarfinsa tsakanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 yake, kuma ana rubutawa a jikin robar. Kaga in na kanti da na babban kamfani duk kashi 5 ne to aiki ɗaya zasu yi maka a banɗaki da farin kaya, in kuma na kantin kashi 3 ne kawai to arahar bata kai yadda kake gani ba tunda sai ka zuba da yawa. Sannan bilic ƙarfinsa yana raguwa in ya daɗe a ajiye musamman a wuri mai zafi, don haka kar araha ta sa ka jibge na shekara guda.

Magungunan da ake saya ba sai da takardar likita ba, nan ma ana asarar kuɗi sosai. Farasitamol mai miligiram 500 shine dai farasitamol mai miligiram 500 ko a wane kwali ya zo, haka ibufurofen. Hukumomin magunguna basa amincewa da irin waɗannan sai sinadarin da ƙarfinsa sun yi daidai da na asalin, bambancin yana a kala ko rufin ƙwayar ko ɗanɗanon sirof. Abinda zaka tabbatar shine lambar rajistar hukumar ƙasarku da ranar ƙarewar aikinsa. Wannan maganar ta ciwon kai da mura nake yi fa, wanda likita ya ɗora a kan magani na dindindin kamar na farfaɗiya kar ya canza kamfani sai ya tambayi likitansa. Man goge baki shima ka nemi adadin fuloraid, na manya tsakanin 1,000 zuwa 1,500 ppm (wato kashi cikin miliyan, haka ake rubutawa a jikinsa), in ya kai haka ya wadatar.

Madarar jarirai ce iyaye suka fi jin tsoro kuma ban ga laifinsu ba wallahi, babu mai son yin gwaji da cikin ɗansa. Amma a Amurka misali tun 1980 akwai dokar da ta tsara abubuwan gina jikin da dole kowace madarar jarirai ta ƙunsa, ta kanti da ta babban suna duk ma'auni ɗaya ake musu, Tarayyar Turai ma tana da nata tsauraran ƙa'idojin. In jaririn bashi da wata lalura ta musamman, wadda hukuma ta amince da ita zata yi.

Akwai wuraren da babban suna yake cin kuɗinsa, bazan ɓoye ba. Sabulun ruwa na wanke-wanke, mai kauri ɗigo kaɗan ya isheka wanke tukwane masu maiƙo, mai arahar kuma sau da yawa tsararo ne kana matsawa yana ƙarewa. Sabulun wanki ma a kan tabo mai taurin kai manyan sukan fi saboda sinadaran cin datti da suka kashe kuɗi wajen bincikensu, amma wankin yau da gobe na kanti ya isa. Ledar shara in ta fashe maka sau ɗaya a hanyar bola zaka gane dalilin tsadar mai kaurin. Tishu ka ƙirga yawan falle da ninki, girman naɗin baya nuna komai. Famfas kuma ya danganta da fatar yaro, wani na kanti ya karɓe shi lafiya lau wani kuma ƙuraje, sayi ƙaramin ƙunshi tukuna. Batir ka tabbata an rubuta "alkaline" a jikinsa, akwai masu arahar gaske na zinki da kabon da basa jimawa a tocila ko kayan wasan yara.

Shayi, kofi, cakulan, lemon kwalba, kecaf, wannan harkar harshe ce babu wanda zai yanke maka hukunci. Abinda nake yi shine in juye a mazubin da aka saba in ajiye a gida ba tare da na ce komai ba, in sati ya wuce babu wanda ya yi ƙorafi to mun koma na kanti, in an yi magana in dawo da tsohon.

Idan ka ɗauki kwali biyu ka juya bayansu, jerin sinadarai ana rubuta shi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka ukun farko zasu gaya maka kusan komai, in sukari ko ruwa ya hau gaba a ɗaya alhali a ɗayan yana can ƙasa ka san inda aka rage kuɗin. Sai ka duba kuɗin kowane giram 100 ko lita ɗaya maimakon kuɗin kwalin, don wani lokacin babban suna in yana rangwame yakan sauko ƙasa da na kanti, ranar kam shi zaka ɗauka. Kuma kar a haɗa kayan kanti da jabun kaya marasa asali, na kanti yana da sunan wanda ya yi shi ko wanda aka yiwa, da adireshi da lambar rukuni, kuma manyan kantuna da yawa suna karɓar nasu su mayar maka da kuɗinka in bai yi maka ba, shiyasa nake ajiye rasit duk ranar da na gwada sabon abu.