Fulat, gidan jere ko fili: wanne ya dace da mai neman gida a Abuja yanzu?

Duk wanda ya zaga Guzape, Katampe ko Jahi da daddare zai ga benaye reras da sabon fenti, amma taga ɗaya ko biyu ce kawai ke da haske. Gidaje sun yi yawa, masu saye sun ja baya. Bayan da aka saki Naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,500 a 2024, buhun siminti ya zarce N10,000 a farkon 2024, ruwan da bankunan kasuwanci ke ɗorawa kan rance kuwa ya wuce kashi 20 cikin ɗari.

Sai dai kada dogon jeren gidajen da ba kowa ya sa ka zaci an karya farashi. Yawancin masu su ba bashin banki ke binsu ba, kuɗi suka adana a bulo, ba sa gaggawa. Abin da ya yi laushi shi ne ciniki: dillalin da a da ba ya ɗaga waya, yau zai saurari tayinka, ya kuma yarda da biya kashi-kashi.

Cikin ginannun gidaje, fulat a cikin bene shi ne mafi sauƙin kuɗi, shi ne kuma ya fi buƙatar bincike. Farashin saye rabin labari ne. Akwai kuɗin hidima na shekara: dizal ɗin janareto, masu gadi, rijiyar burtsatse, kwasar shara, gyaran rufi. A benen da ke da fulat goma sha biyu amma mutum uku ne ke ciki, su ukun nan ne za su ɗauki nauyin, ko a kashe janareto da ƙarfe goma. Ka tambayi nawa aka biya bara, nawa bana, su wa ke riƙe da asusun, kuma mazauna za ka tambaya, ba mai sayarwa ba. In unguwar na layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wutar lantarki, inda kuɗin wuta ya ninka fiye da sau uku a watan Afrilun 2024, ka sa wannan a lissafi.

Sai batun takarda. Galibi C of O, wato takardar mallakar filin gaba ɗaya, na sunan kamfanin da ya yi ginin, kai takardar yarjejeniya za a ba ka. Lauya ya je AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ya duba ko an jinginar da filin a banki, da ko ana biyan harajin fili na shekara-shekara. A watan Maris na 2025 ministan Abuja Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda bashin wannan haraji. In mai filin ya yi sakaci, kai da ke hawa na uku abin zai shafa. Ga kuma yanayin zamanmu: mai iyali da yawa, mai baƙi daga gida kullum, mai ɗaure ragon layya, fulat zai takura masa.

Gidan jere mai haɗa bango, wanda dillalai ke kira teras, ya fi tsada amma kana da ƙofarka da ɗan tsakar gida. Ni shi na fi so, da sharaɗin an gama shi kuma rukunin na da mutane. Wanda ake tallarsa a zane, a ce ka biya kafin a gina, arharsa ta gaskiya ce, haɗarinsa ma haka: siminti na tashi, sai a dawo maka da ƙarin kuɗi ko a bar ka da kango. In dole ne, kada ka biya wani kaso sai ka ga aikin da ya yi daidai da shi da idonka.

Fili a Kuje, Gwagwalada ko bayan Lugbe na ba ka damar gini a hankali, daidai ƙarfinka. Amma a babban birnin tarayya minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili; takardar ƙaramar hukuma ko ta mai unguwa ba ta hana rusau. Mararaba kuwa jihar Nasarawa ce, dokarta daban, kuma cunkoson Nyanya zai ci maka safiya.

Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashi don asusun gidaje na ƙasa (NHF) zai iya neman rancen FMBN, bankin lamunin gidaje na tarayya, a kan ruwan kashi 6, har tsawon shekara 30, duk da cewa abin na ɗaukar lokaci. Mai gudun kuɗin ruwa ya tuntuɓi bankin Jaiz ko TAJ ya ji tsarinsu.

Ko wanne ka zaɓa, ka je ka gan shi a watan Agusta bayan an tafka ruwa. Ambaliyar rukunin Trademore a Lugbe cikin Yunin 2023 ta cinye gidaje da motoci, wasu sassan Lokogoma ma kusan duk damina sai sun sha. Ka duba alamar ruwa a jikin katanga, ka tambayi maigadin maƙwabta inda ya kai bara.