Kawu, na ga motar da har yau ake ƙera ta da katako

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da yaran gareji baki ɗaya.

Kwanaki ka tambaye ni ko akwai sauran masu bugun bodi a Ingila, ko inji ya cinye sana'ar. A lokacin na ce maka babu, domin da ƙofar motata ta lotsa na kai wani gareji a nan Birmingham, sai da na jira mako guda kafin su duba, daga ƙarshe suka ce a sayi sabuwar ƙofa. Kuɗin aiki a nan da awa ake lissafa shi, don haka sauya abu ya fi gyara shi araha. Na tsaya ina kallon lotsawar da yaronka zai fitar kafin azahar, raina ya ɓaci ƙwarai.

To makon jiya na gane na yi gaggawar ba ka amsa. Na hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari, Malvern, inda kamfanin ƙera motoci na Morgan yake, aka zagaya da mu cikin masana'antarsu.

Wani H.F.S. Morgan ne ya fara a 1909, kuma da mai ƙafa uku ya fara, biyu a gaba ɗaya a baya, akasin A Daidaita Sahu. Dalilinsa haraji ne: hukuma na lissafa mai ƙafa uku a sahun babura. Sai 1936 suka fitar da mai ƙafa huɗu, 4/4, wato taya huɗu silinda huɗu. Plus 4 ta biyo baya a 1950, ita ce ta ci ajinta a tseren Le Mans na Faransa a 1962. A 1968 suka ɗora injin Rover mai silinda takwas a Plus 8, suka yi ta ƙera ta har 2004. Ba su cika yin injin kansu ba, saye suke yi, yau na BMW da Ford suke sawa. Iyalin Morgan sun riƙe kamfanin har 2019, sannan wani kamfanin zuba jari na Italiya ya sayi kaso mafi girma.

Inda na fi daɗewa shi ne sashen kafintoci. Ƙamshin katako ne ya fara tarbata, sai na tuna inda ake haɗa bodin manyan motoci a gida. Kada ka ɗauka gindin motar na katako ne. Shasi da ƙarfe ne a da, a 2020 suka daina shi gaba ɗaya suka koma alminiyam. Ƙashin bodin ne ake yi da wani itace da suke kira ash, mai ƙarfi da sauƙin lanƙwasa. Na ga wani dattijo ya shafa wa siraran katakai gam, ya matse su cikin wani tsohon ma'auni da ya yi baƙi don tsufa, suka fito da siffar saman taya. Gefensa wani matashi yana naɗe bakin farantin alminiyam a jikin katakon da ƙaramar guduma, yana bugawa yana shafawa da tafin hannu. Wallahi Kawu, riƙon gudumarsa irin naka ne sak.

A shekara ba sa kai mota dubu. Mai saye yana zaɓen launi da fatar kujera, ya jira watanni, a da ma shekaru ake jira. Sabuwa mai ƙafa huɗu ta haura fam dubu 60. Ba motar titunanmu ba ce, ƙasa-ƙasa take, mutum biyu kawai take ɗauka. A wannan fannin 504 ɗinmu ta Kaduna ta fi ta nesa ba kusa ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a nan mutane na biyan kuɗi don su kalli mai guduma yana aiki, ga shi cikin rumfa mai haske da wuta ba yankewa. Kai kuwa shekara talatin kana wannan aikin a rana, mai mota na taya ka kamar yana sayen tumatir. Na ɗauki hotuna da bidiyo, zan turo ta wayar Yaya. Don Allah ka nuna wa yaran, musamman wanda ke cewa zai bar gareji ya koma acaɓa.

A gaida Inna da kyau, a ce ina neman addu'a.