Makonni Takwas a Ajin Turombon na Wani Tsohon Ɗan Badujala a Damagaram

Mu huɗu ne muke busa turombon, wani abin busa na ƙarfe irin na badujala, a wata ƙaramar ƙungiyar samari a nan Zinder, kuma mun shafe shekara biyu muna busa abu ɗaya a tare, kowa yana bin karin waƙar, wanda ya fi ƙarfin huhu shi ake ji. Da muka ƙudura niyyar shiga kiɗan jaz, sai aka kwatanta mana wani dattijo, tsohon saje na badujalar soja, wanda yake koyarwa a zauren gidansa a cikin Birni. Kowannenmu ya biya jaka biyar a wata, muna zuwa sau biyu a mako bayan la'asar, har tsawon makonni takwas. Abin da muka je nema shi ne yadda ake raba murya tsakanin turombon huɗu, kuma a kan wannan nake son in auna aikinsa.

A ranar farko ya soma da kakaki, abin da duk ɗan Damagaram ya tashi yana ji a ƙofar fada. Ya ce kakaki dogon bututu ne wanda tsawonsa ba ya canzawa, shi ya sa sautukan da yake fitarwa kaɗan ne, kuma turombon ma haka yake muddin ba a taɓa kulis ba, wato sandar nan da ake turawa ana jawowa. Bututun turombon ya kai kusan mita 2.7, kulis kuma yana da matsayi bakwai, kowane matsayi yana saukar da sauti da rabin mataki. Daga nan ya zana mana iyakokin da sunayen sautuka, wato do, re, mi, fa, sol, la, si: turombon na yau da kullum yana sauka har mi na ƙasa a matsayi na bakwai, yana hawa har si bemol (wato si da aka sauke da rabin mataki) da ke saman do na tsakiyar piyano, gwanaye kuma suna wuce nan zuwa do ko re. Wannan fili shi ne gonar da mutum huɗu za su raba, kuma duk darussan da suka biyo baya a kan rabonta suka tsaya.

Na ɗaya shi ne jagora. Yana zaune a sama, galibi tsakanin fa da ke ƙarƙashin do na tsakiya da si bemol na sama, kuma shi ne yake yanke inda za a ja numfashi, da tsawon kowane sauti, da ƙarfin da za a busa. Na biyu yana bin sa daga ƙasa kaɗan, kuma a al'adar manyan ƙungiyoyin jaz shi aka fi bai wa damar busa shi kaɗai, domin leɓen jagora ya samu hutu. Na huɗu yana riƙe da gindi. Ko zaman ma yana da tsari: na biyu yana gefen masu ganga da piyano, na ɗaya na kusa da shi, sannan na uku da na huɗu, ta yadda jagoran turombon zai kasance a layi ɗaya da jagoran masu saksofon a gabansa da jagoran masu turumfet a bayansa.

Ni kujera ta uku aka ba ni, kuma ba zan ɓoye ba, raina bai so ba, domin na ɗauka wurin wanda bai iya ba ne. Darasin mako na uku shi ya sauya mini tunani, kuma shi kaɗai ya isa kuɗin da na biya. Dattijon ya rubuta mana haɗin sauti huɗu na fa, wato fa, la, do da mi bemol, ya jera su kusa da juna can ƙasa, ya ce mu busa. Abin da ya fito gurnani ne kawai, ba a rarrabe sautin kowa. Sai ya karɓi takardun, ya bar na huɗu a kan fa na ƙasa, ya ba ni mi bemol, ya ɗaga la zuwa hannun na biyu, ya ɗora jagora a kan re da ke saman do na tsakiya, a maimakon do. Muna busawa zauren ya cika da amo mai faɗi wanda ban taɓa jin ya fito daga bakinmu ba. Dalilin, kamar yadda ya bayyana, shi ne sautuka biyu masu kusanci suna cakuɗewa idan aka ajiye su a ƙasa sosai, saboda haka ƙasa tana son tazara, sama ce take jure cunkoso.

Bai tsaya nan ba. Ya ce mu koma haɗin si bemol, wanda shi ne na biyu a zagayen bulus, wani tsarin waƙa mai awo goma sha biyu da ake yawan bi a jaz. Na duba takardata, na ga abin da zan yi bai wuce in tura kulis daga matsayi na uku zuwa na huɗu ba, daga mi bemol zuwa re, na biyu kuma ya sauka daga la zuwa la bemol. Ya sa jagora da na huɗu suka yi shiru, ya ce mu biyu kaɗai mu maimaita. Da wannan ɗan motsi na rabin mataki kunne ya ji sarai cewa haɗin ya canza. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, ka ji ko? Ku biyun nan ne kuke gaya wa mai sauraro inda waƙa ta dosa.” Na ce, “Na ji, Baba.” Tun daga ranar na daina kallon kujerar jagora.

Ya kuma koya mana wata dabara ta buɗe haɗi, inda ake jera sautuka huɗu a matse a ƙarƙashin karin waƙa, sannan a ɗauki na biyu daga sama a saukar da shi tazarar oktab guda, wato zuwa sauti mai irin sunansa da ke ƙasa, ya zama na ƙasa. Wannan mun wuce shi da sauri domin ba shi da wuyar ganewa.

Inda na fi jinjina masa shi ne batun kujera ta huɗu. A cikakkiyar ƙungiya wannan wuri na babban turombon ne, mai faɗin bututu kusan milimita 14.3, alhali na jagora yakan tsaya wajen 12.7, kuma yana da bawul ɗaya ko biyu da ake dannawa da yatsa. Bawul ɗin ba ado ba ne. Tsakanin mi na ƙasa da si bemol na can ƙurya akwai sautuka biyar da ƙaramin turombon ba ya da su a kulis ɗinsa. Bawul na farko yana kawo huɗu daga cikinsu har zuwa do, na biyu kuma yana cike na biyar. Mu ba mu da irin wannan, kuma takardun da muka samo daga intanet duk an rubuta su ne da zaton akwai shi. Maimakon ya ce mu je mu sayo, sai ya zauna da alƙalami ya sake rubuta muryar ta huɗu, yana ɗaga duk abin da ya faɗi ƙasa da mi, yana gyara tawa domin kada mu yi karo. Ya kuma kauce wa wuraren da za a yi tsalle da sauri daga si bemol a matsayi na ɗaya zuwa si a matsayi na bakwai, tafiyar da hannu ba ya iya yin ta da tsabta idan kiɗa ya yi zafi. Wannan aiki ne na wanda ya riƙe abin busar da hannunsa shekaru masu yawa.

Tarihi kaɗan ya taɓa, amma abin da ya zaɓa yana da amfani. Ya saurarar da mu ƙungiyar Duke Ellington ta Amurka, wadda ta cika turombon uku a 1932 da zuwan Lawrence Brown, ya tarar da Joe Nanton mai toshe bakin ƙahonsa da murfi har ya yi kamar mutum yana magana, da Juan Tizol wanda nasa na bawul ne, ba kulis. Ya kuma sa mana ta Stan Kenton mai turombon biyar, inda George Roberts ya fito da martabar babban turombon.

Akwai kasawa, kuma ba ƙarama ba ce. Ƙidayarsa ta fareti ce. Yana buga ƙafa a kan bugu na ɗaya da na uku, alhali lilon jaz yana jingina ne a kan na biyu da na huɗu, kuma sautuka biyu da suke raba bugu ɗaya ba a yi musu tsawo daidai, na farko yakan ɗara. Ya san haka a baki, amma da zarar mun soma sai jikinsa ya koma abin da ya saba, mu ma mu bi shi. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin rabon murya mai kyau ba ya zama jaz idan takun ya miƙe kamar na maci. Haka nan abokinmu na kujera ta biyu bai samu komai ba game da ƙirƙirar busa nan take, wadda ita ce rabin aikinsa. Takardun da yake rabawa kuma kwafi ne a kan kwafi, har wani bemol yakan ɓace, kuma sau biyu na busa mi a inda ake son mi bemol saboda haka. Zauren ma a buɗe yake ga ƙurar hunturu, wadda take sa kulis ya riƙa cijewa, don haka duk mai zuwa ya taho da tsumma da man kulis da ɗan ruwan fesawa.

Wanda bai iya karanta takardar kiɗa ba, ko bai riƙe matsayi bakwai ɗin ba, kada ya fara da wannan aji, domin dattijon ba ya komawa baya. Kuma a zo a cike, mutum huɗu ko aƙalla uku, tunda abin da ake koyarwa ba ya jiyuwa a bakin mutum ɗaya. Mu dai mun sake biyan wata guda, mun kuma roƙe shi ya yarda mu riƙa zuwa da mai gangarmu domin ya riƙe mana takun, ya ce mu kawo shi ranar Talata.