Rimi, maɗaci ko darbejiya: wanne ya kamata mai babban fili ya saya?

Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni, masu sayar da dashe sukan jera baƙaƙen ledojinsu a gefen titunan Kaduna, mai saye kuma ya tsaya yana ruwan ido. Wannan bayani na yi shi ne domin wanda yake da fili mai faɗi, kamar harabar makaranta, ko filin masallacin Juma'a, ko gona. Wanda gidansa fuloti ɗaya ne, ya dasa mangwaro ko gwaiba ya huta.

Ni dai rimi nake zaɓa, kuma ba na ɓoyewa. Asalinsa bishiyar kurmi ce, wadda masana tsirrai suke kira Ceiba pentandra, kuma a dazuzzukan da ruwa yake yawa, a Afirka ta Yamma da Kudancin Amurka, yakan haura mita 50 har ya leƙo ta saman sauran itatuwa. A ƙasarmu ba ya kai haka, amma duk wanda ya shiga birnin Zariya ya ga tsofaffin rimayenta ya san abin da ya sa ake yi masa kirari da adon gari, kuma a nan Kaduna ma sunan Unguwar Rimi bai zo a banza ba. Gangar jikinsa miƙaƙƙiya ce, rassansa suna fita a kwance hawa-hawa, gindinsa kuma yana fitar da manyan saiwoyi masu faɗi kamar katanga, waɗanda suke tokare shi. Ganyensa kamar tafin hannu yake, da 'yan yatsu biyar zuwa tara. Yana kaɗe ganye da rani, sannan ya yi fure ƙanana masu launin madara, waɗanda suke buɗewa da dare, jemagu su zo shan zaƙinsu su kai ƙwayar haihuwa daga fure zuwa fure. Daga kwansonsa ake samun audugar rimi, wadda ba ta shan ruwa, wadda iyayenmu suka cusa a matasai da katifu, mayaƙan da kuma suka cusa a lifidi. Yana da saurin girma matuƙa, don haka wanda ya dasa shi yana da rabon zama a inuwarsa.

Aibinsa biyu ne. Katakonsa ba shi da ƙwari, reshe yakan karye in iska ta yi ƙarfi, kuma ko shahararren rimin nan na tsakiyar Firitawun a Saliyo guguwa ce ta kayar da shi a watan Mayu na 2023. Sannan idan kwanso ya fashe, audugar tana bin iska, tana damun mai asma, kuma tana kama wuta nan da nan.

Maɗaci ne kaɗai nake yarda a kwatanta shi da rimi, domin inuwarsa tana da kauri kuma katakonsa yana da daraja, sai dai masu neman magani ba sa barin ɓawonsa ya huta. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, ba ta saurin mutuwa, amma ta riga ta cika gari. Itacen turare yana shanye ruwan ƙasa kuma inuwarsa ba ta kai ta tabarma ɗaya ba. Loko ɗan kurmi ne na gaske, amma ƙwari suna nakasa shi tun yana ƙarami. Malaina kuwa ba na ma son jin sunanta, tun da saiwarta ta fasa mini sokawe.

Wannan asarar ce ta koya mini cewa kafin tsayi da kyau, saiwa ake fara tambaya. Shawarata ita ce a bar aƙalla mita 20 tsakanin rimi da kowane gini, ko rijiya, ko wayar lantarki, kuma idan filin bai ba da wannan tazara ba a haƙura da shi gaba ɗaya.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wurin saye. Rimi yana da 'yar uwa, gurjiya, wadda ganyenta yake kama da nasa ƙwarai tun suna cikin leda. Na taɓa sayen guda shida a hannun wani mai dashe, na tambaye shi har sau biyu, ya ce, "Haba Alhaji, in ba rimi ba ne ka dawo mini da su." Sai bayan shekaru, ranar da suka fitar da manyan furanni ja, na gane gurjiya na yi ta bai wa ruwa, shi kuwa mutumin ya daɗe da tashi daga wurin. Abin dubawa shi ne jiki: ƙaramin rimi fatarsa kore ce mai santsi, ko da akwai ƙaya a kanta, ita kuwa gurjiya da ta ɗan tasa sai ɓawonta ya yi kauri da kaushi, ya koma toka-toka. Ƙaya kaɗai ba shaida ba ce, domin dukansu suna yin ta, kuma akwai rimin da ba ya yin ta sam.

Akwai kuma masu yanko reshe su soka a leda da safe, su yayyafa masa ruwa, su sayar da shi da yamma a matsayin dashe. Gaskiya ne rimi yana kamawa daga reshe, amma wanda aka soka yau ba shi da saiwa ko ɗaya, kuma ko wanda ya kama ba ya yin doguwar saiwar tsakiya irin ta wanda ya tsiro daga iri, wadda ita ce take riƙe bishiya a ƙasa. Mai saye ya kama gindin ya ɗan ja a hankali. Idan ya zaro cikin sauƙi, ya ajiye. Ya ɗaga ledar ya duba ƙasanta, domin dashen da ya daɗe a ciki saiwarsa takan nannaɗe, ko ta huda ledar ta shiga ƙasa a yanke ta da adda. Ya kuma tona da yatsa, saboda wasu jar ƙasa suke cikawa su rufe samanta da taki kaɗan. Wanda zai sayi da yawa, gara ya tafi da wanda ya san itace, ko ya nemi shawarar malaman kwalejin gandun daji da ke Afaka, kuma kada ya biya kuɗin duka sai an yage leda ɗaya a gabansa ya ga saiwar da idonsa.