Malamar ta gyara min baya, mai wurin ta sa ni a bidiyo ba ɗankwali

Kuɗin wata uku na biya a wani wurin yoga da ke Wuse 2, amma wata biyu da kwana goma na yi na naɗe tabarmata na bar musu. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, duk da cewa na amfana da wurin.

Ciwon baya ne ya kai ni. Tun da aka yi min aiki a haihuwata ta uku ƙuguna bai koma daidai ba, ga zaman ofis daga takwas zuwa huɗu, ga cunkoson hanyar Gwarimpa safe da yamma. Sai da ta kai in na yi ruku'u ba na iya ɗagowa sai na dafa cinya. Likitar gashin ƙashi da nake gani ce ta ce in gwada yoga mai sauƙi, ban da irin wadda ake rufe ɗaki a ɗumama shi har zafi ya kai 40. Na daɗe ina jan ƙafa, domin kowa ya san abin daga Indiya ya fito kuma yana da tushe a addinin Hindu. Na san a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar saboda kalmomin bauta da ake rerawa a ciki, na kuma san Saudiyya ta amince da shi a matsayin motsa jiki a 2017. Da na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce in dai miƙa jiki ne da numfashi, ba ambaton wani abin bauta, kuma mata ne zalla, ba ta ga laifi ba. Wannan "mata zalla" shi ne sharaɗina, shi ne sharaɗin maigida, kuma sai da na maimaita shi sau biyu kafin na tura kuɗi.

Malamar ajin kam, Allah ya saka mata da alheri. Ba Bahausa ba ce, amma Hausa a bakinta kamar 'yar Kano. A garin Rishikesh na Indiya ta yi kwas ɗin koyarwa na awa 200, kuma salon Iyengar take bi, wanda ake tallafar jiki da ɗan bulon soso da maɗauri da bango maimakon a tilasta shi. Ranar farko sai da ta tambaye ni yaushe aka yi aikin, wane gefe ya fi ciwo, ko ciwon na sauka ƙafa. Ba ta taɓa sa mu rera "om", kalmar bautar Hindu, ba. Jerin motsin nan goma sha biyu da ake kira gaisuwar rana ma, ta cire haɗa tafukan hannu a ƙirji, ta ce mu bar hannuwa a gefe. In ta ga ina cije leɓe sai ta matso ta ce, "Hajiya, ba gasa muke ba, inda jikinki ya tsaya nan za ki tsaya." A mako na biyar na yi sallar Isha'i ban dafa komai ba, sai bayan na sallame na lura. Ranar har ƙwalla na yi.

To, a farkon watan Yuni, wata Asabar, yarinyar da ke zama a teburin karɓar baƙi ta shigo ta kafa waya a bayan ɗaki. Wata daga cikinmu ta tambaya, aka ce don malamai ne su duba yadda suke koyarwa, ba inda za shi. Mu kuwa ƙofa a rufe, labule a sauke, kowa ta rataye hijabinta. Ni wando da riga ne a jikina, kaina ba ɗankwali, tunda duk sanda aka sunkuya zamewa yake.

Bayan mako guda, ranar Lahadi da hantsi, ƙanwar maigidana ta turo min saƙo ta WhatsApp: "Anti, wannan ba ke ba ce?" Na buɗe, sai ga mu a shafinsu na Instagram. Talla ce suka haɗa ta Ranar Yoga ta Duniya da ake yi kowace 21 ga Yuni, da kiɗa da rangwamen kuɗi. Ga ni a sahu na biyu, a sunkuye, bayana na fuskantar kyamara, sannan na juyo fuskata ta fito sarai. A gefena akwai baiwar Allah da ko a bakin get ba ta ɗaga niƙabinta. Wallahi jikina rawa ya kama yi, na kasa ko riƙe wayar.

Na kira lambarsu ba adadi, ba a ɗaga ba. Na tura saƙo, aka karanta aka yi shiru. Na rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa a sauke, sai aka goge abin da na rubuta aka bar bidiyon. Wannan ya fi komai ƙona min rai, domin ya nuna akwai mai riƙe da wayar yana gani. Litinin na fasa zuwa ofis na tafi can. Yarinyar ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, Madam ba ta nan." Da aka haɗa ni da Madam ɗin, wato mai wurin, a waya, buɗar bakinta sai cewa ta yi ai na sa hannu a fom. Aka ɗauko fom ɗin, can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa suna iya amfani da hotunan aji. Ta ƙara da cewa wai don a ƙarfafa wa matan Arewa gwiwa ta yi. Matan Arewar da kika yi wa alkawarin sirri da bakinki? Sai ranar Laraba, da muka je mu uku, ɗayarmu lauya ta ambaci dokar kare bayanan jama'a ta 2023, sannan aka sauke. Kwana huɗu yana yawo, kuma ba wanda zai iya dawo da abin da mutane suka riga suka ajiye a wayoyinsu.

Maigida bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ba laifinki ba ne." Amma maganar ta kai kunnen Hajiyarsa, kuma ni na san nauyin da na ji ranar da na je gaishe ta.

Malamar ta kira ni da daddare muryarta na rawa, ta ce ita ma abin da aka faɗa mana shi aka faɗa mata. Na yarda da ita. Har na fara tunanin komawa saboda ita, na ce in ba su makin tauraro uku a intanet a wuce wurin. Sai na nemi a mayar min da kuɗin kwana ashirin da suka rage, aka ce ba a mayar da kuɗi, sai dai a ƙara min aji biyu kyauta. Nan sauran abubuwan da na haɗiye suka dawo min: tabarmin haya masu warin gumi, na'urar sanyaya ɗaki da ke mutuwa duk sanda aka koma janareta, da ranar da wani mai gyaran wuta ya turo ƙofa ba sallama muna tsakiyar aji aka ce mana kuskure ne. Tauraro ɗaya na ba su, shi ma na malamar ne.

Yanzu ita take zuwa gidan wata ƙawata a Gwarimpa duk Asabar, mu huɗu, kowa ta ajiye wayarta a falo kafin mu shiga ɗaki. Bayana na ci gaba da sauƙi. Kuɗina na kwana ashirin kuma har yau suna hannun Madam.