Wasiƙa daga Ostireliya: yadda 'ya'yan makiyayansu ke karatu

Yaya Malam, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da su Anti da yara. Ka tambaye ni ko gaskiya ne a nan ana koyar da yaran daji ta tauraron ɗan'adam. Gaskiya ne, na kuma je na gani da idona.

Garin da nake aikin jinya, Alice Springs, yana tsakiyar hamada ne, zafinsa kamar na Nguru a watan Afrilu. Naman shanu ba ya wuya, amma kayan miya sai an yi tafiyar kilomita 1,500 da su daga Adelaide, don haka tumatir yana da tsada. Daddawa kuwa sai dai a mafarki. Wuta da ruwan famfo ba sa yankewa.

Makarantar ana ce mata School of the Air, wato makarantar iska. An buɗe ta a 1951, da rediyon likitocin da ke zuwa ƙauyuka a jirgin sama: malama ta yi magana, yaro ya danna ya amsa daga gidansu. Yankin da take ɗauka ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.3, ya fi Najeriya faɗi, ɗaliban kuwa ɗari da 'yan kai ne. Yawancinsu 'ya'yan masu garken shanu ne, waɗanda maƙwabcinsu na kusa sai an yi sa'o'i a mota.

Yanzu an ajiye rediyo. Ranar da na je, na tsaya bayan gilashi ina kallon wata malama ita kaɗai a ɗaki, gabanta kyamara, a allo kuma ga fuskokin yara kowa a ɗan akwatinsa. Wani yaro ya ɗaga littafinsa dab da kyamara, hularsa ta kiwo na kansa, malamar ta ce ya matsar da shi baya kaɗan, ta karanta, ta gyara masa harafi ɗaya. Wallahi Yaya sai da na tuna yaranka na ruga, zaune a gindin tsamiya.

Gwamnatinsu ta harba taurari biyu, a 2015 da 2016, musamman don intanet ɗin mutanen karkara. Sunansu Sky Muster, muster kuwa kalma ce da makiyayansu ke faɗa idan za a tattaro garke. Zanen wata yarinya 'yar shekara 6 daga wannan makaranta aka manna a jikin rokar farko. Yanzu da yawa sun koma Starlink, intanet ɗin tauraro na wani kamfanin Amurka, saboda ya fi sauri, wanda ku ma ya iso muku tun 2023.

To amma abin da na fi so ka ji shi ne, faifan kamo intanet da ke kan rufi ba shi ke koyar da yaron ba. Darasin kai-tsaye ɗan lokaci ne a rana. Sauran sa'o'in, dole akwai babba zaune kusa da yaro, galibi uwarsa, ko wata budurwa da aka ɗauka aiki don haka. Ana aika littattafai da kayan aiki ta gidan waya, wasu wuraren ma ƙaramin jirgi ke kai jakar. Malamai kan shiga mota su je har gida su kwana, yaran kuma ana tara su a gari 'yan lokuta a shekara su san juna. Gwamnati na ba iyayen ɗan tallafi. Iyayen ma ba su zauna jira ba, tun 1971 suke da ƙungiyarsu da ke bin 'yan majalisa ƙofa-ƙofa.

Kada ka ɗauka komai ya yi daidai. A ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, Aborijin, akwai makarantu da intanet, amma yara da yawa ba sa zuwa aji, kuma ina ganinsu a asibiti da ciwon kunne mai hana su jin malami. Wannan yana ci mini rai.

Bambancinmu da masu garken shanun nan babba ne: makiyayinsu yana da filinsa, a zaune yake, namu kuwa yana bin ruwa da ciyawa. Duk da haka Hukumar Ilimin Makiyaya da ke Kaduna tun 1989 take, kuma da rediyo ita ma ta daɗe tana aiki, kamar yadda waɗannan suka fara. Rana muna da ita, sola za ta ja faifai da kwamfuta ɗaya. Wanda zai zauna da yaran, da wanda zai biya kuɗin wata, su ne abin dubawa.

Ka yi magana da Arɗo, ka ji ko akwai saurayi ko budurwa a rugar da suka gama sakandare kuma za su yarda su zauna da yara kullum. In an samu, ka aiko mini da farashin faifan da batir a Kano, ni zan ɗauki nauyin shekarar farko in Allah ya yarda. A gaishe da Inna, a ce mata maganin ƙafarta na hanya.

Ƙanwarka.